Dokar minti biyar: sinadaran da iska kaɗai ke kunna wa wuta

Akwai ruwan da ba ya jiran ashana. Ka ɗiga shi a kan takarda, kafin ka janye hannunka takardar ta kama. Iskar nan da muke shaƙa ita kaɗai ta ishe shi. Masana sinadarai sun daɗe da sanin irinsa, kuma tun da ya zama haja ana ɗaukarsa daga ƙasa zuwa ƙasa, dole aka yi masa doka. Ma'aunin dokar kuwa agogo ne: duk ruwa ko garin da zai kama da wuta cikin minti biyar da haɗuwarsa da iska, komai ƙanƙantar abin da aka ɗiba, ya shiga wannan aji. Daga nan ɗaukarsa, ajiyarsa, buɗe shi da zubar da ragowarsa duk sun fita daga hannun ganin dama.

Ƙa'idar ta fito ne daga littattafai biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗaya na safarar kaya masu haɗari ne, ya fara fitowa a 1956, yanzu ana sabunta shi duk shekara biyu. Ɗayan shi ne tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da yi musu tambari, wato GHS, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2002 aka buga a 2003. Littattafan a karan kansu ba su da bulala; babu ɗan sandan Majalisar da zai tare ka a hanyar Gusau. Ƙarfinsu na zuwa ne idan wata ƙasa ko hukumar sufuri ta kwashe su ta zuba cikin tata dokar. Tarayyar Turai ta yi haka a 2008, Amurka ta sa su cikin dokar wuraren aiki a 2012, jiragen ruwa na bin su ta kundin IMDG, na sama kuma ta ƙa'idojin ICAO. Da yake irin wannan kaya daga waje yake shigo mana, kwalbar da za ta iso Sakkwato da tambarin can take isowa, ko mun karanta ko ba mu karanta ba.

Yadda ake gwadawa ba shi da wani sarƙaƙiya. Ana samun ɗan kwanon tangaran a shimfiɗa masa busasshen gari wanda ba ya ci da wuta, a zuba ruwan kimanin mililita 5 a kai, a duba agogo. In bai kama ba a sake, har sau shida. In ya tsallake wannan, sai a ɗiga rabin mililita a kan busasshiyar takardar tacewa. Ko bai yi harshen wuta ba, muddin ya babbake takardar ta yi baƙi cikin minti biyar, ya faɗi jarrabawa. In gari ne, daga tsayin mita ɗaya ake sako shi ƙasa a ga ko zai kama a hanya ko bayan ya sauka. Wannan aji ba shi da mataki na biyu ko na uku, babu mai dama-dama. Wanda ya faɗi, rukunin ɗaurin kaya na farko ake kai shi, mafi tsanani a cikin ukun da dokar safara ta tanada.

Manyan 'yan gidan su ne sinadaran da ƙarfe ke manne da kabon kai tsaye a cikinsu. Kabon shi ne ƙashin bayan fetur, mai, sukari da jikinmu. Ƙarfen kuwa galibi litiyam ne, ko alminiyam, ko tutiya. Sunayensu na karya harshe: butil-litiyam, wanda mafi zafin rai a danginsa ake rubuta wa t-BuLi a jikin kwalba; tirayetil-alminiyam, wanda 'yan masana'anta ke gajarcewa TEAL; tiraimetil-alminiyam; dayetil-zink, na tutiya. A ido ba su da abin tsoro, ruwa ne garau ko mai ɗan ɗorawa-ɗorawa.

Me ke sa su kamawa? Zaman ƙarfen da kabon auren dole ne. Litiyam da alminiyam oksijin suke so, kuma da wuya a same su tsantsa a cikin ƙasa sai a haɗe da wani abu. Masani ne ya raba su da abin da suke so da ƙarfin wutar lantarki, ya ɗaura musu kabon. Da zarar oksijin ya leƙo, ƙarfen ya bar kabon ya bi shi, kuma wannan sauyin yana fitar da zafi mai yawa cikin ƙiftawar ido. Zafin ne ke kunna ɓangaren kabon ɗin, wanda dama makamashi ne, ya kuma kunna ruwan da aka narkar da sinadarin a ciki, wanda shi ma ɗan uwan fetur ne. Da ruwa kuwa abin ya fi muni. Butil-litiyam in ya taɓa ruwa, gas ɗin butan yake saki, irin wanda ke cikin tukunyar girki, tare da wani ruwa mai cin fata irin na sodar sabulu. TEAL yana sakin etan, tiraimetil-alminiyam yana sakin metan da farin hayaƙi mai kauri. Ga gas, ga zafi, ga iska, duk a wuri ɗaya. Raɓar da ke cikin iska ma ta isa ta fara aikin, shi ya sa ake tsare su a ƙarƙashin naitirojin ko agon, iskokin da ba sa ciyar da wuta.

Mai karatu zai ce to wa ya aiki mutum ya haɗa wannan bala'i? Amsar tana cikin kasuwa. Baturen Ingila Edward Frankland ne ya fara cin karo da dangin tutiyar a wajejen 1849 yana aiki a Jamus, kuma shekaru da yawa abin bai wuce mamakin ɗakin gwaji ba. A 1953 Karl Ziegler, shi ma a Jamus, ya gano cewa in aka haɗa sinadarin alminiyam irin wannan da na taitaniyam, gas ɗin etilin zai sarƙafe ya zama roba ba tare da matsin da ya haura na iskar duniya sau 1,000 ba, wanda a da sai da shi. Shekara guda bayan haka Giulio Natta na Italiya ya yi irin wannan da furofilin. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1963. Buhun da ake ɗura siminti a Kalambaina, buhun shinkafar Goronyo da na takin zamani, jarkar man ja, kujerar roba ta gidan biki, igiyar ɗaurin kaya a Kara, mafi yawansu daga wannan hanya suka fito. Masana'antar Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal tana yin irin wannan roba, matatar Dangote da ke Lekki ma ta shiga yin folifurofilin, wato robar furofilin. Ɗan kaɗan ne na sinadarin ke shiga tan-tan na roba, kuma kafin kaya su fito ya mutu murus, don haka babu wanda buhunsa zai kama don ya sha iska.

Ba roba kaɗai ba. Butil-litiyam na shiga haɗa robar tayar mota da magunguna da dama. Ƙwan fitila mai haske fari da ya kori aci-bal-bal daga teburin mai shayi, da tiraimetil-galiyam ake shimfiɗa zuciyarsa, kuma Japanawa uku da suka samar da shuɗin haskensa sun ci Nobel a 2014. Yawancin farantan sola na zamani suna da wani siririn shafi da ake yi da tiraimetil-alminiyam don ƙara musu ƙarfi, abin da ya kamata ya ja hankalin garin da ke da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980. Akwai ma inda halin kamawar shi ne abin nema: rokar Falcon 9 da cakuɗen TEAL da wani ɗan uwansa na boron ake tayar da injinta, koren hasken da ke walƙawa kafin ta tashi nasu ne.

Mu dawo kan tambari, don shi ne fuskar dokar da talaka zai iya gani. A jikin kwalba za a ga murabba'i tsaye a kan kusurwa, jan baki, farin ciki, da hoton harshen wuta. Wannan hoton kaɗai bai isa ba, domin fetur da tina ma shi suke ɗauka. Lambar da ke ƙasa ce ke rarrabewa: H250 na nufin yana kamawa da kansa in ya sha iska, H260 na nufin in ya taɓa ruwa yana fitar da gas mai iya kamawa da kansa. A jikin kwali ko ganga kuwa tambarin safara ake liƙawa. Na aji 4.2, masu kamawa da kansu, rabinsa na sama fari ne, na ƙasa ja. Na aji 4.3, masu faɗa da ruwa, shuɗi ne gaba ɗaya. Kwalin t-BuLi duka biyun yake ɗauka, da lamba UN 3394.

Waɗannan azuzuwa biyu ba baƙi ba ne a wurinmu, ko da ba mu san lambarsu ba. Shuɗin tambarin nan shi ne na kabayid ɗin da mai walda ke jefawa cikin tukunya ya zuba ruwa ya sami gas, kuma shi ne na ƙwayar da ake sa wa buhun wake da rumbu don kashe ƙwari. Fari da jan kuwa, a mataki mai sauƙi, ya haɗa da gawayi, jiƙaƙƙiyar auduga da tunkuzar da mai bai gama fita daga cikinta ba. Su ba sa kamawa a minti biyar. Sai an tara su da yawa, zafi ya taru a tsakiyarsu na sa'o'i ko kwanaki. Duk wanda ya taɓa jin an ce sito ya kama cikin dare babu wayar lantarki a ciki, ya tuna da wannan kafin ya ɗora wa maƙiya.

Sai hanya. Kaya mai lamba UN 3394 haramun ne a jirgin sama, na fasinja da na kaya duka. Babu kuɗin da zai sa a sauke maka shi a filin jirgin Sultan Abubakar III. Ta ruwa zai zo, ya sauka Legas ko Onne, kuma kafin ya taso sai an sami izini. A Najeriya ikon shigo da sinadarai yana hannun NAFDAC, bisa dokar da ta kafa ta a 1993, wadda ta ambaci sinadarai tare da abinci da magani da ruwan sha. Jama'a sun fi sanin hukumar da lambar jikin fiya-wata, amma tana da sashe guda na tantance sinadarai. Mai nema zai bayyana sunan kowane sinadari da adadinsa da abin da za a yi da shi, ya kawo takardar bayanan tsaro daga wanda ya ƙera, ya nuna yana da ma'aikaci mai ilimin kimiyya da ke kula da kayan, a kuma duba ma'ajiyarsa. Izinin shigowa daban, na fitar da kaya daga tashar jirgi daban. Wasu sinadaran da ake iya karkatarwa zuwa ɓarna suna buƙatar ƙarin takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro.

Daga bakin teku zuwa Sakkwato tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. A 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar ADR ta safarar kaya masu haɗari a kan titi, wadda ta ce direba ya sami horo na musamman, motar ta ɗauki allo mai ruwan lemo gaba da baya, a kuma ajiye rubutaccen umarnin gaggawa a gaban mota. A tankar da ke bin wannan tsari ana rubuta lamba biyu a allon: ta fetur 33 a sama, 1203 a ƙasa. Ta ruwan da muke magana a kai X333 ce, kuma harafin X ɗin saƙo ne ga 'yan kwana-kwana cewa kada su kusanto da ruwa. Babbar masana'anta mai sayen tanki guda tana bin wannan, don dukiyarta ce a kan layi. Inda nake jin tsoro ƙaramar kwalba ce. Mililita 100, a cikin gwangwani, a cikin kwali, girmanta bai kai na kwalin taliya ba. Nan ne zuciya ke raya wa mutum ya ba da ita saƙo a tasha. Direba ya ce, "Alhaji, mene ne a ciki?" a ce masa, "Kayan makaranta ne, ka dai sa a inda ba za a danne ba." Ya tura ta ƙarƙashin kujera kusa da jarkar ruwa, fasinja goma sha takwas a kai. Wanda ya ɓoye wa mai ɗauka haƙiƙanin kaya ya saɓa wa ginshiƙin dokar safara gaba ɗaya, domin ita a kan mai aikawa ta ɗora nauyin bayyanawa da ɗauri da tambari.

A ce ta iso lafiya. A nan ne Sakkwato ke da matsalar da marubutan littafin ba su zauna da ita ba. Ana sayar da t-BuLi ne narke cikin fentan, wani ɗan uwan fetur, shi kuwa fentan yana tafasa a digiri 36. Garin nan daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan haura 40 a inuwa. Ma'ana, kwalbar da aka bari a kan kanta a watan Afrilu ruwan cikinta ya wuce matakin tafasa, murfi ne kawai ke riƙe da shi, kuma murfin nan faifan roba ne da allura ta riga ta huda sau da yawa. Masu ƙerawa sun ce a ajiye tsakanin digiri 2 da 8. Firij ke nan, firij kuwa sai da wuta, wutar kuwa mun san halinta. Firijin gida ma bai dace ba, domin makunnin fitilarsa da na'urar daidaita sanyinsa suna cikin akwatin, suna yin ɗan tartsatsi duk lokacin da suka motsa. Tururin fentan in ya taru a ciki, wannan tartsatsin ya isa ya cire ƙofar. Wanda ake so shi ne wanda aka fitar wa kayan lantarki waje. A ganina, sashen da ba shi da irin wannan firij tare da sola da batirin da zai riƙe shi dare da rana, bai kamata shugabansa ya sa hannu a takardar odar ba, ko da izinin NAFDAC na aljihunsa. Sau da yawa n-BuLi, wani butil-litiyam ɗin da ke cikin heksan mai tafasa a wajen digiri 69 kuma bai kai wancan zafin rai ba, zai yi aikin. Hunturu ma da nasa: bushewar iska na tara lantarki a jikin tufa da roba, irin wanda ke ɗan harbin yatsa in ka taɓa ƙofar mota, kuma tururin man narkarwa ba ya buƙatar fiye da haka.

Kowace kwalba tana zuwa da takardar bayanan tsaro mai sashe 16, jerinsu iri ɗaya a duk duniya. Wanda ba shi da lokacin karanta duka ya karanta na 5 kan kashe gobara, na 7 kan riƙo da ajiya, na 10 kan abin da bai kamata ya haɗu da shi ba, da na 13 kan zubarwa. A buga ta a liƙa a bango, kada a bar ta cikin kwamfutar malam.

Shari'ar da ta sauya wa jami'o'i tunani a kan wannan ta faru ne a Amurka. Ranar 29 ga Disamba 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wata matashiya 'yar shekara 23, haifaffiyar Pakistan, tana zuƙo t-BuLi da sirinjin roba mai cin mililita 60. Allurar gajeriya ce, dole ta karkata kwalbar. Tana ja sai sandar sirinjin ta fice gaba ɗaya, ruwan ya zubo mata a hannu da jiki ya kama. Ba ta sa rigar aiki ba, rigar sanyi ce ta zaren roba a jikinta, ita kuwa narkewa take ta manne da fata. Akwai shawar gaggawa a ɗakin, ba a kai ta ƙarƙashinta ba. Ta ƙone sama da kashi 40 cikin 100 na jikinta, ta rasu ranar 16 ga Janairu 2009. Hukumar kare ma'aikata ta jihar ta ci jami'ar tarar dala 31,875, aka ga kamar an gama. A ƙarshen 2011 sai masu gabatar da ƙara suka shigar da tuhumar laifi a kan hukumar jami'ar da farfesan da ke shugabantar ɗakin, bisa rashin horarwa da rashin tilasta sa kayan kariya. Jami'ar ta yi sulhu a 2012, ta amince da sabbin ƙa'idoji da asusun tallafin karatu na dala 500,000 da sunan marigayiyar. Farfesan ya yi nasa a 2014, da aikin al'umma na sa'a 800 da biyan dala 10,000. Ba shi ya riƙe sirinjin ba, ba ya ma cikin ɗakin. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Abin lura a shari'ar shi ne marigayiyar ma'aikaciya ce mai albashi, shi ya sa dokar ƙwadago ta sami ƙofar shiga. A nan gida ma layin a wurin yake. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta horar da ma'aikaci, ba shi kayan kariya, tanadin hanyar tsira daga gobara da kai rahoton haɗari, amma sunanta ya faɗi iyakarta. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta fi faɗi: ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, har da na wucin gadi da masu koyon sana'a. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da laifin wani ba. Akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da shugaban aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Mai kula da ɗakin gwaji yana ciki. Ɗalibar digiri na biyu da ke tsaye kusa da shi, wadda wataƙila ita ce ma ke riƙe da sirinjin, ba ta da kwantiragin aiki, don haka wannan inuwar ba ta rufe ta ba. Abin da ya rage wa iyayenta shi ne ƙarar sakaci a kotu, mu kuwa mutane ne da kan ce ƙaddara ce mu yi shiru. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai ɗauke wa wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane alhakin tanadi ba. Wannan giɓi, ƙa'idar cikin gida ta kowace makaranta ce kaɗai za ta iya toshe shi a yau.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Ba a yin aikin mutum shi kaɗai, ba a yinsa da dare. Sirinji ya ninka abin da za a ɗiba girma, allura doguwa mai murɗawa ta kulle, kwalba a ɗaure da maƙali kada a riƙe ta a hannu, komai a busar da shi a tanda a kore iskar ciki da naitirojin. In abin ɗiban ya yi yawa a bar sirinji a yi amfani da siririn bututun ƙarfe daga kwalba zuwa kwalba. A kwashe duk wani mai narkarwa daga wurin. Batun tufa kuma sai mun faɗa wa juna gaskiya: yawancin hijabai da mayafan kasuwa zaren roba ne, haka yadin kaftani mai sheƙi. Babu mai cewa a tuɓe sutura. A sa ta auduga tsantsa, a tura gefenta cikin rigar aiki mai jure wuta, a naɗe hannun riga mai faɗi, a bar silifa a gida.

In wuta ta tashi, hankali zai ce ruwa, kuma a nan ake rikicewa domin amsar biyu ce. In sinadarin ne ke ci a kan tebur ko a ƙasa, ruwa haramun ne, haka gwangwanin kashe gobara mai kumfa ko mai iskar kabon, don litiyam ɗin na faɗa da su duka. Busasshen yashi ko garin kashe gobara ake lulluɓa masa. Yashin a cike bokiti da shi tun kafin a fara, a rufe, domin na tsakar gida da damina jiƙaƙƙe ne. In ɗigo ne a bakin allura, a bar shi ya cinye kansa. Amma in mutum ne ya kama, ruwa mai yawa shi ne magani, a tura shi ƙarƙashin shawa a sakar masa, domin ɗan sinadarin ya riga ya ƙone, abin da ke ci yanzu tufa ce da fata. Shawar da tankinta ba ruwa ado ce. Kuma 'yan kwana-kwana su san abin da ke cikin ginin tun ranar da aka kawo shi, domin motarsu da ruwa take zuwa.

Saura ragowa. Dokar da ta fi kowace kaifi a wannan fanni ta samo asali ne daga garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, inda a 1988 aka gano an jibge sama da tan 3,500 na sharar guba daga Italiya a filin wani mutum da ake biya dala 100 a wata. Gwamnatin soja ta lokacin ta fitar da doka mai lamba 42 a shekarar, wadda har yau tana aiki: ɗauka, jibgewa, sayarwa ko zubar da shara mai cutarwa ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, a kuma ƙwace motar da filin. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke sa ido kan dokokin muhalli, kuma tana da ƙa'idoji na musamman kan sinadarai masu haɗari. Tsohuwar kwalbar da wani ya yi oda ya tafi ƙaro karatu ya bari a bayan firij, da farin gari ya taru a wuyanta, tana cikin abin da ake nufi.

Ba a jefa ta a bola, ba a tuttule ta a kwata. Kashe ta ake yi, kuma aikin ƙwararre ne: a ƙarƙashin naitirojin, a tsarma ragowar da mai narkarwa mai nauyi, a sanyaya, a riƙa ɗiga barasar aisofurofanol kaɗan-kaɗan har kumfa ya daina tashi, sannan metanol, ruwa a ƙarshe. Kwalbar da ake ganin ta ƙare ma ba ta ƙare ba. Sai an ɗauraye ta sau uku da busasshen mai narkarwa, an kashe ɗaurayen kamar yadda aka kashe na farko, an bar ta a buɗe a akwatin zuƙe hayaƙi ta kwana. Bayan haka a kankare tambarin a fasa ta, domin kwalba ce mai kauri mai kyan gani, kuma yaran jari-bola na zagaya bayan makarantu suna tsintar irinta su kai wa masu turare da masu zuma.